Malam Ilya da Tsohuwar Kan Tudu

Hazo na kwance bisa tuddan yammacin Lyon, Malam Ilya ya riga ya fita. Salla, shayi, wuƙa a aljihu. Yakan bi itatuwan shaten ɗaya bayan ɗaya, yana shafa ɓawonsu kamar mai duba zazzaɓi. Shaten dai, 'ya'yan nan masu rigar ƙaya irin ta bushiya, da muke saye gasassu a bakin metro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, na Montreuil. Ba mu taɓa tambayar wa ya rene su ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki. A lambunan Mirriya ya koyi auren mangwaro, haɗa reshen wani a jikin wani, da hannun ya zo.

Akwai itaciya guda a kan tudu, Tsohuwa yake ce mata. Ta girmi kakan mai gonar da Malam ke yi wa aiki, irinta ya ƙare a kwarin. Ciwo ya ci ɓawonta har ya kusa zagaye ta, mai gonar ya ce a sare. Malam ya roƙi bazara ɗaya. Sai dai hannunsa ya soma rawa, wuƙa ba ta zama.

A Afrilu ɗiyarsa Fatsima, ma'aikaciyar asibiti, ta zo daga Sevran ɗaukarsa, lokacin ritayarsa ya yi. Mounkaila mai tarakta na wurin. Ya ce jaka na cikin mota, lokacin jirgin ƙasa ya matso, sai Malam ya miƙa wa Fatsima wuƙar.

"Baba, ni mutane nake jinya, ba itace ba."

"Wannan ma mutum ce. Yanka nan. A hankali."

Ta yanka. Ƙananan rassa bakwai suka ɗaura daga ƙasan ciwon zuwa samansa, kamar gada, don ruwan jikinta ya sami hanyar hawa. Jirgi ya tafi ya bar su.

Baba Ilya, kai ne mai haƙurin da itace ya shaida. Ba a taɓa rubuta sunanka jikin buhun shaten ba.

A Yuni Mounkaila ya aiko hoto ta waya: Tsohuwa ta yi fure har ƙoli, dogaye, launin madara. Malam na zaune gidan Fatsima, bene hawa na tara a Sevran, ya daɗe yana kallo. Can ya ce yana jin ƙanshin. Fatsima ta dubi taga, a rufe take.

Mun gode, Baba. Allah ya biya. Mu kuwa 'yan bakin metro, kafin mu ce a sare, mu roƙa wa abu bazara ɗaya.