Tasalla, Uwar Ɗan Sama Jannati

Duk Babura an san Tasalla mai ƙuli-ƙuli da abu biyu: man gyaɗarta ba ya ƙauri, bakinta kuma bai taɓa kama sunan ɗanta na fari ba. Shekara ashirin da shida tana ce wa Muhammad Auwal "kai" ko "wancan", saboda kunyar ɗan fari. Mace ce mai tsauri, ko fataken Nijar ba sa iya mata a ciniki. Hanyar Kano kaɗai take tsoro, don a kanta motar da ta ɗauki mijinta Mamuda ta kife.

Ran da aka ɗauki Auwal karatun sararin samaniya a kudu, maƙwabciyarta Shatu ta shigo da guɗa.

"Barka, uwar ɗan sama jannati!"

Jannati? Tasalla dai a iya saninta ba a zuwa Aljanna da rai. Tana tsaye kamar an dasa ta har ƙulin ya ƙone a kasko.

Auwal ya zo ya tsuguna a gabanta. "Inna, lakabi ne kawai na masu zuwa sararin samaniya. Ni ko tashi ba zan yi ba. A ƙasa zan zauna ina duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke aikowa, mu gane inda damina ta nufa."

"To shi sararin, daga ina ya fara?"

"Iskar nan da muke shaƙa raguwa take yi in ana hawa, har ta kusa ƙarewa. Masana da yawa sun sa iyakar a kilomita ɗari. Ba nisa, Inna. Kamar daga nan zuwa Kano ne, in an miƙe hanyar tsaye."

Kaico, ga ilimi ba dabara! Ya zo lallashi, ya fama mata tsohon miki. Daga nan zuwa Kano ai ita ce tafiyar da ubansa ya yi bai dawo ba.

Kwana huɗu ba ta iya ɗaga kai ta dubi sama ba, ko shanyar gyaɗa idonta a ƙasa take yi. Amma ba ta hana shi ba.

Ranar tafiya ta bi shi har tasha. Mota ta cika, ta juya ta fuskanci hanyar Kano. Tsoro ya ci ƙarfin kunya, Tasalla ta ɗaga murya.

"Muhammad Auwal!"

Duk mutanen tasha suka waiwayo. Shi kaɗai bai waiwayo ba, don bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba.