Shekarar da Feshi Ya Cinye Ramar Kaka

Kwanan baya ina dawowa Funtua daga Malumfashi, wata mata ta shigo bas ɗinmu da damin rama. Ta rasa inda za ta ajiye, sai ta ɗora mini rabinsa a cinya, ko sannu ba ta ce mini ba. Na buɗe baki zan yi magana, ƙamshin ya riga ni. Idan ka taɓa murza ɗanyen ganyen rama a tafin hannu ka san abin da nake nufi, wani tsami-tsami ne haɗe da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In tashi in buɗe tukunya, in rufe, in leƙa waje, in dawo. Bari dai in ba ka labarin, ko na samu in zauna.

A wani ƙauye na tashi, can wajen Gozaki. Gidanmu ba babba ba ne: Baba, Inna, yayana, ni da ƙannena, sai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ita ce mai gidan ta gaske, ko da yake babu wanda ya isa ya faɗi haka a gaban Baba. Mace ce 'yar firit, mai saurin tafiya da saurin faɗa. Idan ta yaba maka, to ka duba jikinka, wataƙila ba ka da lafiya.

A wurinmu lokacin da ya fi kowane wuya shi ne marka. Kai da ka tashi a birni za ka ɗauka lokacin daɗi ne, ko'ina kore shar, masara ta yi goyo, gero ya yi ciki. To, a lokacin ne rumbu ke ƙara idan an ƙwanƙwasa shi. Tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba. Kana kallon abinci tsaye a gona, amma ba dama ka taɓa. Baba ne kaɗai yake hawa rumbu, kuma daga yadda yake daɗewa a ciki yana kakkaɓo ƙasan muke gane inda aka kwana. Abin da yake fitowa da shi a ƙwarya sai raguwa yake yi, mu kuwa bakunanmu ba su ragu ba.

Ga kuma ciyayya. Bayan sallar magariba magidantan unguwarmu suna haɗuwa a ƙofar gidan liman, kowa a kawo masa akushinsa daga gida, a jera a tsakiya, a ci na wannan a koma na wancan. Duk abin da ya fito daga madafinku, maza sun gani, sun sa hannu, sun san nauyinsa. Mutum zai iya ɓoye rumbunsa, amma ba zai iya ɓoye akushinsa ba. Rufin asirin Baba kaf yana cikin wannan baƙin akushi mai tsaguwa a baki, kuma ni ce nake kai shi.

Kaka ce take cika shi. Da la'asar sakaliya, idan ruwa ya ɗan tsagaita, sai ta ce in ɗauko ƙwarya. A iyakar gonarmu an shuka rama da yakuwa a jere, kamar yadda kowa yake yi. Bayan gonar kuma akwai wata 'yar saura da ba a noma ba, inda tafasa da lalo da alayyahun daji suke fitowa don kansu. Maza ciyawa suke kiran su, amma mai fartanya yana da ido, idan ya zo kan lalo sai ya kewaye shi ya wuce. Kaka ba ta tuge ganye daga tushe. Kansa take tsinkewa, ɗanyen tohon nan na sama, da farcen babban yatsa, ƙas, ƙas, ƙas. Ta ce idan aka tsinke wa rama kai sai ta yi rassa, wadda aka bari kuwa sai ta zama dogon kara marar amfani. Takan faɗi haka tana kallon yayana, wanda ya fi Baba tsawo tun bai fara gemu ba.

Girkin ba shi da wani surkulle. Ruwa ya tafasa, a jefa daddawa da barkono da ɗan manja idan an samu, a zuba dakakkiyar gyaɗa, sai a yaryaɗa tsakin masara kaɗan-kaɗan ana juyawa da muciya don kada ya yi gudaji. Tsakin da ba zai ƙosar da mutum biyu ba idan tuwo aka yi. Daga nan sai ganye, hannu bayan hannu, yakuwa don tsami, rama don kauri, gauta a yanka ta huɗu don ɗan ɗacin da manya suke so. Tukunya ta cika har tana tofi. Kafin ladan ya gyara murya fate ya sauka. Wata rana kwaɗo ne, a dafa tafasa a matse ruwan, a murtsuke ta da ƙuli-ƙuli da albasa. Wata rana dambu, zogale ya fi tsakin yawa. Mu yara muna ƙorafi a ɓoye cewa mun kusa fara kukan awaki, amma muna kwana da ciki cike.

A shekarar da nake ba ka labari, bayan Baba ya matsa masa. Yana sunkuyawa noma sai ya kasa miƙewa. Yayana ya ga abin ya dame shi. Ya je Danja ran kasuwa, ya dawo da aron famfon feshi goye a baya da wata kwalbar maganin ciyawa, yana tafiya kamar wanda ya ciwo yaƙi. A lokacin abin sabo ne a wajenmu. Ya ce daga yau Baba ya huta da fartanya. Da sassafe ya fita bai gaya wa kowa inda zai fara ba. Ya bi tsakanin kunyoyi a hankali don kada ya taɓa masara, wannan kam ya kiyaye. Da ya ga maganin ya rage, sai ya ce bari ya yi wa Kaka gwaninta, ya share mata saurar nan da take shiga kullum, kada maciji ya sare ta. Iska kuma ta kwashi sauran ta watsa wa ramar iyaka.

Da muka je da la'asar, warin ne ya fara tarye mu. Washegari ganyen ya yi laushi, ya sunkuyar da kai. Kafin a jima saurar ta koma ruwan ƙasa, kamar an bi ta da wuta. Na zaci Kaka za ta tara wa yayana jama'a, don a kan ƙaramin abu ma tana yi. Amma ba ta yi ba. Ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallo, sannan ta ce mini, "Ko wanda ya tsira kada ki taɓa. Mu je." Rashin faɗan nan ya ba ni tsoro fiye da duk faɗan da ta taɓa yi.

Muka koma kan zogalen bayan ɗaki, muka tsige shi har ya zama tsinke. Muka bi ganyen kabewar da ta hau danga. Su ma suka ƙare. Ranar da tukunya ta tsaya a rabi, Inna ta tsaya da mara a hannu tana kallon akushin Baba, tana kallon ƙwaryarmu. Idan ta cika ɗaya, ɗayar za ta tashi wayam. Baba ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Ki ba yara. Idan an tambaya, ku ce bayan ne ya tashi."

Ni aka aika in faɗa. Na je ƙofar gidan liman hannu rabbana, na durƙusa na isar da saƙo, suka ce Allah ya ba shi lafiya. Na ga gurbin da yake zama a tabarma, babu wanda ya matsa ya cike shi. Haka aka yi washegari, haka aka yi wanshekare. Baba, mutumin da ko zazzaɓi bai hana shi fita, yana kwance yana jin muryoyin abokansa ta kan katanga. Na tsani aiken nan. Na san ƙarya nake kaiwa, kuma na san ƙaryar ba za ta daɗe ba, don sun fara cewa za su shigo duba shi. Inna ta ce a karyo ɗanyar masara ko kaɗan ce. Baba ya ce wanda ya fara cin gonarsa ɗanya ya kira yunwar baɗi da kansa, kuma duk mai wucewa zai ga karan da aka yi wa fashi. Yayana kuwa ya daina cin abinci tare da mu, sai ya ce ya ci a waje, alhali mun san babu wani waje.

Da safe Kaka ta ce in ɗauko babban kwando, ba ƙwarya ba. Muka tsallaka rafi, ruwa har gwiwata, muka nufi gidajen Maguzawa. Tana da aminiya a can tun suna 'yan mata, wata doguwar tsohuwa mai dariya da dukan cinya, wadda take noma gayaunarta da hannunta. Muka same ta a ciki, rama ta kai mata kafaɗa. Ni dai ban taɓa jin Kaka ta roƙi ko allura ba.

Ko gaisuwa ba su gama ba Kaka ta kama faɗa. "Ke yanzu wannan rama ce ko dawa? Kin bar ta tana ta tsawo kamar ba ta da mai ita. Haka za ki zuba ido ta zama igiya?"

Tsohuwar ta dubi Kaka, ta dubi kwandon da ke kaina. Labarin feshi kam ya riga mu tsallaka rafi. Sai ta dafe baya ta ce, "Ƙawa, ina na ga hannu? Ni kaɗai ce. Ki taimake ni ki riƙa zuwa kina tsinke mini kanta, ke da jikanyar nan. Idan ba ku zo ba ta lalace, alhakina yana wuyanku."

Kaka ta ce ita ma ba zaman banza take yi ba, amma za ta duba. Muka tsinka har farcena ya yi kore. Da muka gama, tsohuwar ta karɓi kwandon ta shiga da shi gida, wai za ta yayyafa masa ruwa kada ya yi yaushi. Ta fito ta ɗora mini a ka. Wuyana ya nutse. A bakin rafi na ce, "Kaka, ganyen nan da nauyi yake." Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Jiƙa shi aka yi. Rufe baki ki kalli gabanki." A gida, da ta kwashe ganyen, na ga ƙullin tsumma a ƙasa, cike da tsakin dawa. Ta ɗauke shi ta shige ɗaki kamar ita ta ajiye shi a can. Har ta bar duniya ban ji ta ambaci ƙullin nan ba, ita ma tsohuwar haka.

Ran nan tukunya ta yi tofi. Na ɗauki akushi da zafinsa, Baba yana biye da ni, yana ɗan dafe baya don kada ƙaryar ta tashi a banza. Liman ya ce, "Malam, jiki ya yi sauƙi?" Baba ya ce, "Alhamdu lillahi," ya zauna a gurbinsa. Muka ci gaba da tsallaka rafi har aka fara gasa sabuwar masara. Yayana kuma, ba wanda ya aike shi, kullum da asuba sai ya saɓi fartanya ya je ya yi wa aminiyar Kaka noma. Da hannu.

Yanzu ina koyarwa a Funtua, muna haya a wani gida mai ɗakuna a jere. Ina tasowa daga makaranta a gajiye, in tsaya bakin titi in sayi alayyahu da yakuwa, in ɗora fate a kan gas, kafin a kira magariba na sauke. Abin da muka ci don babu, yau likita ne yake ce wa maigidana ya riƙa ci. 'Ya'yana suna tura baki suna neman taliya. Kowa yana ci a ɗakinsa, labule a sake, babu tabarmar da za a ga gurbin wani.

Shi ya sa na daɗe ban lura da maƙwabciyata ba. Mijinta ya bar zuwa aiki, ita kuma ta bar fitowa wanke tukunya a bakin famfo. Da na gane, sai na yi abin da ya fi sauƙi. Na cika kwano da fate, na ƙwanƙwasa mata ƙofa, na miƙa ina cewa ga shi a ba yara. Ta dubi kwanon, ta dubi sauran ƙofofin gidan, ta yi murmushi ta ce, "Ayya Malama, an gode, wallahi yanzun nan muka ci." Ta mayar da ƙofa a hankali.

Abincin ina da shi, har ya yi yawa. Abin da ba ni da shi shi ne dabarar miƙa shi yadda mai karɓa zai tafi da kansa a sama. Na iya girkin tsofaffin nan tsaf, amma wannan ban koya ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya. Ina nan tsaye, kwanon yana ƙona mini yatsu, sai na ji ƙaramar 'yarta daga ciki tana cewa, "Umma, mene ne a kwanon?"