Wayoyin da Na Ƙulla wa Zare

Shekarun baya, lokacin da hatsi ya yi wuya har muna dafa tafasa da rama mu kira shi abinci, maigidana ya rasu ya bar mana tsohuwar a-kori-kura. Ita ke ciyar da gidan. Ƙanensa ke janta, yana dakon kaya zuwa kasuwar Makoda.

Ina cikin takaba motar ta tsiro da wani hali. Hanyar fita ƙauyenmu ta bi ta wani kwari, gefen maƙabarta. Kullum da safe in ta iso nan sai ta yi tari biyu ta mutu, daidai saitin kabarinsa. A tura ta gaba kaɗan, ta tashi kamar ba ita ba. Direbobi suka daina yi mata lodi kusa da nasu, mata suka daina shiga. Aka ce mai ita ne ke kiranta.

Ƙanen nasa ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata, ya ce, "Yaya, ni fa tsoronta nake ji. Dangi sun ce a sayar."

Na ce, "In an sayar, ku ci me? Ka jira in fita takaba."

Ran da na fita na ce ya kai ni wajen mai kayan mota a Bagwai. Bakanike ya riga ya ce fulogi da wayoyinsu ne suka gaji. Ni ko bihim ban sani ba, amma shekara da shekaru maigidan a kan tabarmata yake goge fulogi, ina kaɗi ina kallo.

Mai shagon ya miƙo wasu sababbin fulogi masu ƙyalli a kwali, yana murmushi. "Inna, ki bar wa maza wannan."

Na ce, "Mazan ne suka bar ta a maƙabarta. Zubo na hannun nan in gani."

Ya zube tsofaffin a faranti. Na ware masu baƙin hayaƙi da masu tsagaggen farin jiki, na ɗauki huɗu masu baki ƙasa-ƙasa, irin waɗanda marigayi ke cewa lafiyarsu ƙalau. Sai ya jawo buhun wayoyi. Na sa hannu ina lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya don in ji mai tsaga. Can ƙasa yatsana ya taɓa ƙulli.

Na jawo. Wayoyi huɗu ne a ɗaure tare, kowace da zare shuɗi a wuyanta. Ƙulli ɗaya, biyu, uku, huɗu. Zarena ne. Ni na kaɗa shi, ni na ƙulla, saboda maigidan shi ma ba ya karatu, da ƙullin yake gane wace waya ke zuwa kan wane fulogi.

Na ce, "Ina ka samo waɗannan?"

Ya daina murmushi. Ya ce wani dogon mutum mai a-kori-kura ya kawo su bara da bazara, ya karɓi tsofaffi masu tsaga da ɗan ciko. "Sau uku ana sayensu, Inna, sau uku ana dawo mini da su. Kowa ya ce motarsa ta ƙi su. Ni kuwa ban ga aibinsu ba."

Bara da bazara. Na tuna ranar da rumbu ya ƙare, maigidan ya shigo da gero kwano biyu ya ce dako ya samu. Har faɗa na yi masa don bai haɗo da gishiri ba.

Bakanike ya zo zai ɗaura, na tsaya a kansa ina faɗa masa wace ke bin wace, yana hararata a fakaice. Murɗawa ɗaya motar ta tashi. Ya ce ai ba wani abu ba ne, raɓar kwarin ce ke shiga tsagar waya, wuta ta zube. Na ce to.

Washegari na shiga gaba, na ce mu bi ta kwarin. Ƙanen maigidan yana tuƙi yana ta addu'a. Motar ta wuce sumul, ko tari ba ta yi ba. Ya yi hamdala. Ni kuwa, mai bakin cewa ba na tsoron komai, sai na sami kaina ina waiwaye, ina so ta tsaya.

Ba a sayar ba. Ta ciyar da mu har yaran suka kawo ƙarfi. Maganar raɓa na yarda da ita, don ni ba mai camfi ba ce. Amma har yau ba wanda ya faɗa mini dalilin da motoci uku suka ƙi wayoyin nan. Tun daga ranar, in mutum ya shigo gida da abinci a lokacin wuya, sai na dubi abin da ya ragu a jikinsa kafin in buɗe baki. Da motar ta mutu murus na zame zaren huɗu daga wayoyin, suna cikin kwallata. Ban taɓa warware ƙullin ba.