Kujerar Arlene

Duk wanda ya san Merle Kowalke ya san shi da abu biyu: tankar madara da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ja daga gona zuwa gona a ƙauyukan Wisconsin, da wata 'yar mitsitsiyar koriyar mota mai kujera biyu. Tankar ya ajiye ta tun da ƙugunsa ya gaza aka sa masa na ƙarfe. Motar ce ya ƙi ajiyewa.

Ba motar hawa titi ba ce, ko lamba ba ta da ita. Ta tsere ce, irin na ranar Lahadi, inda ake jera robobi masu tsini a wani makeken fili, mutane su yi ta zagaya su ɗaya bayan ɗaya ana duba agogo. Masu wannan wasa suna da wata cuta, wato ƙin jinin nauyi. Sai ka ga mutum da tumbi kamar randa ya wuni yana kwance ƙusoshi don motarsa ta rage nauyin cokali. Merle kuwa ya kamu sosai. Ya cire rediyo, ya cire hon, ya sauya batir da wani ɗan ƙarami. Daga ƙarshe ya kwance kujerar mai zaman banza, wadda matarsa Arlene ke zama a kai.

"To, madalla," in ji Arlene ranar. "An auna ni an ga na yi yawa."

"Kujerar aka auna, ba ke ba."

"Kai dai tsoho, ka rage cin cuku mana, ka bar min kujerata!"

Da dariya ta faɗa, amma daga ranar a bakin shinge take tsayawa da kofinta. Aiki ɗaya ya rage mata, shi ne lodi. Merle yana da 'yar buɗaɗɗiyar tirela da yake ja da a-kori-kura. In zai hau da motar, Arlene ce ke tsayawa a gaba tana yafito shi: hagu, dama, taho, taho. Sannan ta dunƙule hannu ta ce, "Ya isa haka!"

Da Arlene ta rasu, gidan ya yi masa girma. Ya sayar, ya kama ɗaki a wani bene cikin gari, ba gareji. Ranar Juma'a yakan je cin soyayyen kifi kamar yadda suka saba, ya zauna a teburin mutum biyu, mai kawo abinci ta zo ta ɗauke ɗayan cokalin. Motar kuma tana rumfar wani tsohon maƙwabci da ya fara gyaran murya cewa kafin sanyi yana bukatar wurinsa.

Sai 'yarsa Trudy ta bugo daga Minneapolis, wai ta samo mai saye.

"Baba, wa zai riƙa taya ka lodi? Ka je ka faɗi a fili ba kowa, ni ina nan ban sani ba."

"Ni kaɗai zan iya."

"To, ka nuna min da idona. In ba ka iya ba, kafin ƙanƙara ta sauka a sayar."

Ya ce ya ji. Bai gaya mata cewa in motar ta tafi ba shi da inda zai je ranar Lahadi ba.

Dabararsa ita ce tirela mai rufi: ta zama gareji, ta zama abin ɗauka, ta kare motar daga gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi. Ya shiga yawo da abin awo a aljihu. Ya auna tsawo, ya auna faɗi. Ya fi damuwa da ƙofar baya da ke sauka ta zama gangara, don motarsa kusan da ciki take tafiya, in gangarar ta cika tsayi hancinta zai karce. Har ya samu wata ta hannu a gonar wata mata mai suna Darla, ya ɗauko motar ya je gwaji.

"Gwada abinka, Baba," in ji Darla. "Ni bari in ba 'yan maruƙa madara, sun cika min kunne."

Ya hau a hankali, hanci bai taɓa ba. Ya shige tsaf, ya kashe mota, yana jin daɗin kansa. Da ya tura ƙofa, ko tafin hannu ba ta buɗe ba ta daki akwatin da ke rufe tayar tirelar. Ya auna komai, ya manta cewa shi ma sai ya fita. Samari ta taga suke silalewa, amma ƙugun ƙarfe bai san wannan wasa ba. Ya murza makulli don ya koma da baya, ɗan batirin nan ya yi ƙyat-ƙyat ya mutu. Ya danna tsakiyar sitiyari, shiru, don da hannunsa ya cire hon. Wayarsa tana cikin a-kori-kura. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ya ƙwala wa Darla kira, maruƙa suka fi shi murya. Sai ya haƙura ya zauna. A damarsa babu komai sai ramukan ƙusoshi a ƙasa, inda kujera take a da. Ba tsoro ya ji ba, ya san matar za ta dawo. Kaɗaici ne ya taso masa, da ya tuna cewa da a wani wurin ne, babu mahaluƙin da zai lura bai koma gida ba.

Da Darla ta dawo, sai da ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta turo motar waje. Ta dube shi, dariyar ta tsaya.

"Wa zai riƙa raka ka?"

"Ba kowa, 'yar nan."

"To, ba zan sayar maka ba. Tsohon mijina in ya shigar da tasa motar ta taga yake fita kamar ɓarawo, shi ma ina tsaye a kansa. Ka nemi mai ƙofa a gefe, daidai wajen direba. Saboda irinku ake yin su."

Ya nema ya samu. Saura abu ɗaya: wa zai nuna masa inda zai tsaya? Wasu ƙwallo suke ratayawa da zare, in ta taɓa gilashin mota sai su tsaya. Merle ya hau ɗakinsa ya sauko da kujerar Arlene, wadda ko da ya rabar da kayan gida ya kasa rabuwa da ita. Ya ɗaure ta a bangon gaba na tirelar, tana fuskantar ƙofa.

Trudy ta zo gari ya yi luf da gajimare. Ya saita hancin motar daidai kujerar, ya hau, ya tsaya, ya buɗe ƙofarsa ta cikin ƙofar gefe, ya fito da ƙafarsa.

"To, Baba, ka ci," in ji ta. Ta leƙa ciki, ta ga kujerar, ta juya tana neman makullin motarta a jaka alhali yana hannunta.

Motar ba a sayar ba. Da ƙanƙara ta narke ya koma fili. Duk Lahadi da yamma, in kowa ya watse, yakan hau a hankali yana kallon kujerar, ya taka birki dab da ita. Ba ya kashe motar nan take. Yakan ɗan jira tukuna, ko da yake ya san babu mai ce masa ya isa haka.