Sunan Marnie a Littafin Gidan Tillery

Shekara ashirin da shida Goggo Verna Tillery ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a garin Clearwater na ƙasar Amurka, kuma duk sanda ta ratsa tsakiyar gari ta hangi 'yan ƙungiyar Sayentoloji, masu kiran tafarkinsu addini, cikin kayansu iri ɗaya, sai ta ja tsaki. Mace ce mai riƙo da cocinta, bakinta kuma ba ya ɓoye abin da ke ranta.

"Addini? A ba ka gwangwani biyu ka riƙe, allura tana rawa, ka biya kuɗi, wai an wanke maka zuciya?"

Sai ga shi ɗanta tilo, Dwight, ya shiga cikinsu. Can ya samu mata, limaminsu ya ɗaura auren. Verna ta je, ta zauna a baya, ta dawo tana faɗa. Dwight kuwa ba ya musu da ita. Iyaka ya ce, "Mama, a can na bar shan giya. Ke ma shaida ce."

Gidan Tillery suna da tsohon Littafi Mai Tsarki na kakanni, wanda ake rubuta kowane aure da kowace haihuwa a shafukansa na farko. Babban namiji kaɗai ke rubutu a ciki, wato yayan Verna, Kawu Orville. Da aka haifa wa Dwight 'ya mace, Marnie, sai Verna ta jira bikin shekara-shekara na Ranar Godiya, da dangi suka taru, ta ɗauko littafin ta ajiye kusa da farantin talotalo.

"Yaya, ga jikata. A sa ta."

Orville ya goge bakinsa. "A ƙarƙashin wane aure?"

"Na uwarta da ubanta mana. Takardar hukuma na nan."

"Wannan ba littafin hukuma ba ne. Ke da bakinki kika ce kasuwa ce, ba addini ba. To, ɗan kasuwa yana ɗaura aure?"

"Kai da aurenka uku ke ciki, biyu an soke da biro?"

Aka kwashe da dariya, ban da Dwight, wanda ya sunkuyar da kai, jaririyar na barci a kafaɗarsa.

"Abu mai sauƙi ne, ƙanwata," in ji Orville. "Faɗi a gaban kowa cewa addini ne, in rubuta yanzu."

Jama'a, ina ruwan jaririyar wata huɗu da wannan gardama? Manyan masana ma ba su gama ta ba, sai a kan teburin cin abinci za a yanke ta, da sunan yarinya a matsayin jingina? Verna ta dubi ɗanta, ta dubi littafin. Ba ta yarda cewa addini ne ba, kuma har ta rasu ba ta yarda ba. Amma ta miƙe.

"Addini ne. Ka ji? Addini ne. Rubuta."

Orville ya yi murmushi, ya laluba aljihun rigarsa a hankali, ya buɗe shafin. Ya rubuta auren, ya rubuta Marnie Tillery da ranar haihuwarta, cikin kyakkyawan rubutunsa.

Da fensir.