Sai Dagogo Ya Duba

Dagogo ɗan garin Okrika ne, can kudu, kamar ni. Tare muka yi makarantar koyon sana'a, tare aka ɗauke mu aiki a masana'antar takin zamani, a faranti ɗaya muke cin gasasshiyar ayaba da kifi a bakin get. Amma in ka shiga ɗakin kula, inda ake zaune cikin sanyi ana kallon lambobi a allo, sai ka rantse shi kaɗai ne ma'aikacin awo a kamfanin. Ban ɓoye ba, abin yana ci mini rai.

Aikin namu ba siddabaru ba ne. A gindin kowane tanki akwai na'urar da muke kira tiransimita. Nauyin ruwan ciki yana danna wani siririn faifan ƙarfe, ita kuma ta mayar da dannawar 'yar wutar lantarki, ta aika ta waya zuwa ɗakin kula. Wuta kaɗan, tanki ba kome. Wuta ta ƙaru, ruwa ya hau. Namu shi ne mu tabbatar ba ta yi ƙarya ba. Ya iya, na iya, kuma Allah ya sani hannuna ya fi nasa sauri.

Shi dai Dagogo nawa gare shi kamar hawainiya. In ya gama gyara ba ya tafiya. Sai ya goge na'urar da tsumma, ya taka har ɗakin kula, ya tsaya a bayan kujerar mai aiki yana kallon lambar har ta zauna, yana tambayar lafiyar yara. Ni ina ce wa wannan neman suna. Su kuwa suka maishe shi waliyyi.

Wata rana da damina lambar tankin ruwan tukunyar tururi ta tsaya cik a rabi tun safe, ko motsi ba ta yi. Ni ke kan aiki. Na je cikin ruwan sama na tarar laka ta toshe ɗan bututun da ke kai ruwa ga faifan. Na wanke, na gwada, na mayar. Nan take lamba ta yi sama, tanki na gab da ambaliya.

Na kira Madam Ibinabo, shugabar ɗakin kula, ta rediyon hannu. “Madam, a kashe famfo, tankin nan ya cika.”

“Sokari, tun safe yana rabi, kana taɓawa ya cika? Me ka murɗa?”

“Ban murɗa kome ba, toshewa ya yi. Yanzu ne yake faɗin gaskiya.”

“Ina Dagogo?”

Kowa a masana'antar yana jin rediyon nan. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dagogo ya iso yana suɗe yatsu, daga wajen mai ayaba aka taso shi. Ya tsuguna, ya dubi bututun, ya dubi lakar da na zubar, ko sukurdireba bai ciro ba.

“Ɗan'uwa, ai ka gama aiki. Me kuma aka kira ni in yi?”

“Ni kake tambaya? Gaya wa uwar ɗakinka mana!”

Da ma ya yi mini girman kai, da na samu abin da zan riƙe shi da shi. Ina! Rediyo ya ɗaga ya ce, “Madam, aikin Sokari ne, ban sa hannu ba. Daidai yake. Da bai wanke bututun nan ba, da yanzu muna iyo.”

Na tsaya ruwa yana zuba daga hulata, ina jiran in ji sunana a bakinta.

Sai muka ji ƙarar famfo ta ɗauke.

“To madalla,” in ji Madam Ibinabo. “Tunda ka duba, hankalina ya kwanta. Sannu da aiki, Dagogo.”