Mai Kwalba da Ruwan Farko

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran mutumin da mu masu gareji muke kira Mai Kwalba, bayan jinyar kwana tara. Shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin gwajin ruwa na gari.

Mai Kwalba, ni bakanike ne, kuma ba da daɗi muka san juna ba. A layinmu mun saba tara baƙin mai a garwa, mu jira hadari. Da ruwan farko ya sauko sai mu tuttule shi a kwata, mu ce ruwa zai tafi da shi. A daidai lokacin kake fitowa da kwalabenka, domin a cewarka ruwan farko ne ke kwaso dattin rani gaba ɗaya: baƙin mai, ruwan batir, ruwan rini, jinin mayanka, har da leda. Dariya muke maka. Kowa na neman wurin fakewa, kai kana durƙushe bakin kwata kamar mai alwala.

Ranar da ka kama ni da garwa a hannu ba ka yi faɗa ba. Cewa ka yi, "Malam, ina zai tafi da shi?" Na ce oho. Ka ce, "To, zo mu raka shi." Muka bi kwatar a ƙafa, muka wuce kasuwa da bayan makaranta, har inda take juyewa cikin kududdufin da masu lambu ke ban ruwa da shi. Ga baƙin maina nan yana yawo a saman ruwa, launi-launi. A lambun nan matata ke sayen alayyafon da 'ya'yana ke ci.

Washegari ka kawo mana duro uku na tara mai, ka kuma samo masu zuwa su kwashe. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba a zuba mai a kwatarmu ba. Ban taɓa buɗe baki na gode maka ba, kuma abin yana damuna.

Har yau ba a sa kowa a gurbinka ba. An buɗe sababbin gareji biyu a layin, jiya na ga garewaninsu cike a bakin kwata, ga hadari ya fara haɗuwa. Da na je gaisuwa, mai ɗakinka ta miƙo mini kwalabenka. Ni ban iya gwaji ba, amma na san hanyar kududdufin, kuma gobe da safe zan je in yi wa masu sababbin garejin tambayar da ka yi mini.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka huɗu, da abokan aikinka. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai ruwan da ba ya bukatar gwaji.